Ruwan da Barau Ya Nuna

Barau bai taɓa neman aikin gwamnati ba, amma shekara goma sha tara ke nan duk kwamitin da aka kafa a Minna kan yawon buɗe ido sai ya biyo ta ƙofar gidansa a Barkin Sale. A ruga aka haife shi, tsakanin Beji da Wushishi, ya yi kiwo har gemu ya cika masa fuska, kafin ciwon gwiwa ya zaunar da shi a gari ya koma jan keke napep. Dajin nan ya san shi ciki da bai.

Su kuwa 'yan kwamiti duk kanwar ja ce. A zo da taswira, a sha rana, a ci kaji, a rubuta rahoto a jefa durowa. Barau ya nuna musu duwatsu da tsofaffin kukoki, ya dawo gida matarsa Lauratu ta gasa masa gwiwa da ruwan zafi. Ya daɗe da daina tambayar yaushe za a fara aiki.

Shekara huɗu da suka wuce wani kwamiti ya zo da tsarin da ya kwafo daga ƙasashen hamada, inda aka ce ana killace ruwa don baƙi su zo kallon tsuntsaye. Watan Maris ne, ruwan robarsu ya ƙare tun kafin azahar, shugabansu ya zube a gindin kalgo leɓe ya bushe. A tarbiyyar Barau ba a barin baƙo da ƙishi, ko maƙiyi ne. Ya kai su bayan wani dutse, ya janye ƙayar da makiyaya suke rufe wurin da ita, ya tona yashi da hannu har ruwa ya taru, sanyi ƙalau. Nan shanun danginsa suke sha idan rani ya kai maƙura, kuma tun kakanni ba a nuna wa bare wurin. Suka sha, suka yi godiya, suka ɗauki hoto.

Abin haushi, cikin duk kwamitocin nan wannan ne kaɗai ya cika alkawari. Kafin wani ranin an zagaye idon ruwan da waya, an sa ƙofar ƙarfe da kwaɗo, wai don kada dabbobi su ɓata shi. Masu yawon kuwa ko ɗaya bai zo ba, don hanyar ko babur ba ya son ta. Makullin yana hannun wani jami'i da aka yi wa canjin wurin aiki. Barau ya yi zarya ofis har masu gadi suka daina amsa masa sallama.

A ranin nan ƙanensa Ɗan'azumi ya rasa shanu bakwai. Ya zo Barkin Sale, ya tsaya a bakin ƙofa, ya ƙi zama a tabarmar da aka shimfiɗa masa.

"Yaya, da ka ɗebo musu a ƙwarya ai da sun sha."

Iyakar abin da ya faɗa ke nan, kuma bai sake zuwa ba. Ya kwashe ragowar garken ya koma wani ɗan idon ruwa a cikin kwazazzabo, wanda shi kaɗai ya rage musu.

Bana sai ga Patricia, sabuwar jami'a, da littafinta da takalmin roba. Ba ta ci kaza ba, ta zauna a ƙasa da mutanen ƙauye ta saurare su. Ta ce wannan karon da makiyaya za a tsara komai. Barau ya yarda da gaske take. Ya kuma san wata rana ita ma za a canja mata wurin aiki, littafin ya zauna a hannun wani.

Ya kai ta dajin. Da la'asar suka tsaya a bakin kwazazzabon, ga sawun shanu ɗanye ya gangara ƙasa, ga ƙudan zuma suna bi ta kansu suna sauka. Ita ba ta san karatun waɗannan alamun ruwa ba. Ta tambaye shi da 'yar Hausarta ta koyo.

"Baba, kai ya san wani ruwa a nan? Ina so a sa shi a tsari, kada kowa ya taɓa."

Barau ya dubi sawun shanun. Gajiya ce ta taso masa tun daga gwiwa har wuya.

"Babu, 'yata. Duk sun ƙafe."

Ta rubuta, ta ɗago ta ce ta gode, don samun dattijo mai faɗin gaskiya irinsa yana da wuya.

Ya sauke ta a ƙofar ofis, ya wuce gida. Lauratu ta ajiye masa tuwo, ya ce a rufe tukuna. Shanun za su sha ruwa bana, amma ya yi wa baƙuwa ƙarya da furfura a kansa, abin kunyar da ba zai iya kai wa Ɗan'azumi ba ko don su shirya.