Ni da Tsohon da Ya Ƙi Cin Abinci

Lokacin Birnin Kebbi tana ƙarƙashin Jihar Sakkwato, ni kuwa ina karatun gaba da digiri a fannin ilimin halayyar ɗan Adam, kaina ya kumbura har hula ba ta zama. An koya mana yadda ake zama da mutumin da al'adarsa ba taka ba ce, ka saurari damuwarsa ba tare da ka taka masa mutunci ba. In na zo hutu, ko mai albasa ne ya ɗaure fuska sai in gaya wa ƙannena cewa matsalarsa tun daga ƙuruciya take. Mahaifina, Babarbaren da fatauci ya kawo Kabi ya zauna, yakan ce wannan karatu ƙarshensa dai surutu.

Jarrabawar ƙarshe ba ta takarda ba ce. Aka tura ni wani ɗan asibiti a Argungu in zauna da majinyaci, malamarmu na gefe tana kallo. In ya buɗe baki ya faɗi abin da ke damunsa, na ci. In ya ƙi, sai in maimaita shekara. Malamar Ba'indiya ce, mai kirki amma ba ta wasa da maki, Hausarta kuma ta kasuwa ce, iyakarta ciniki da ɗan zagin da ta tsinta.

Na hau babur ɗin yayana da safe, fadamun shinkafa shar a gefen hanya, ina ta waƙa ina gaida mutanen da ban sani ba. Murna nake kamar an riga an ba ni shaidar.

Wanda aka kawo mini tsohon Bafulatani ne, dogo, ya rame har wuyan rigarsa na zamewa. Ɗansa ya ce tun da ciwo ya share musu shanu ya daina cin abinci, ya daina magana, likita kuma bai ga komai a jikinsa ba. Na gyara zama yadda aka koya mana, na sassauta murya, na tambaye shi yadda yake ji a ransa.

"Lahiya lau," ya ce.

Na sake jefa tambayar ta wata hanya. Lafiya lau. Na yi shirun da littafi ya ce a yi, shi ma ya yi nasa, nasa ya fi nawa kyau nesa ba kusa ba. Bafulatanin kirki ba ya kai kukansa gaban baƙo, na san haka tun ina yaro, amma sanin bai hana zufa keto mini ba. Malama ta fara rubutu. Tsoro ya kama ni sosai.

Can na lura idonsa yana kan tsagen Barebarin da ke fuskata, ya duba ya kau da kai, ya sake dubawa. Tsakanin Fulani da Barebari akwai wasa tun kaka da kakanni, kowa na kiran ɗan'uwansa bawa, ba a fushi. Ban san sanda bakina ya riga ni ba.

"Kai tsoho," na ce, "ashe haka Hillani suka lalace? Bawa ya ga ubangidanai, ko gaisuwa babu? Ɓarawon hura kawai."

Alƙalamin malama ya tsaya cik. Bawa da ɓarawo dai ta san su. Ta dube ni kamar ta kama ni da hannu a tukunyar miya.

Tsohon ya ɗago a hankali. "Wa ab bawa? Kai, Babarbare? Kakanka da ƙwaryar nono guda munka saye shi, har da canji."

Dariya ta ƙwace wa ɗansa, ya toshe baki da rawani. Ni kuwa daɗi ya cika ni, na ƙara masa wuta, ya rama da wadda ta fi zafi. Ya ce wa ya ba bawa kujera, wa ya ba shi farar riga. Muka yi ta yi, malama na kallon wannan tana kallon wancan, har na ga ta ajiye alƙalamin gaba ɗaya.

A tsakiyar dariyar muryarsa ta karye. Ya fara kiran shanun da sunayensu, ɗaya bayan ɗaya, da inda kowacce ta faɗi. Ya ce tun da aka haife shi bai taɓa shan nonon saniyar wani ba, ranar da surukarsa ta sayo nono a kasuwa ta dama masa, ranar maƙogwaronsa ya rufe. Abin da kunya ta hana shi gaya wa ɗan cikinsa, ga shi yana zuba wa bawansa. Ni ma idona ya cika.

Da ya gama ya share fuska da hannun riga, ya harare ni.

"Mi kaka jira? Tashi ka sawo min hura. Ubangidanka na jin yunwa."