Sannun Yaya Ilu a Filin Besbol

Shekara shida ke nan da rasuwar yayana Iliyasu, wanda muke kira Yaya Ilu. A irin wannan lokaci ya tafi, sanyi ya fara sakin mutane, itatuwan bakin kogin Potomac suna fure, kowa na fama da atishawa. Ya sauke fasinja a filin jirgin Dulles da hantsi, ya ce wa wani abokin aikinsa ƙirjinsa ya yi masa nauyi, kafin la'asar an kira ni a asibitin da nake aikin jinya a Alexandria. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta. Duk shekara addu'a nake masa, in yi sadaka, in ja bakina in yi shiru. Bana shirun ya gagare ni, don ɗansa yana cikin wani hali, ni kuma hankalina ya ƙi kwanciya.

Abdulmalik shi ne ɗan farinsa. A nan aka haife shi, a Sterling ya tashi, yana jin Hausa amma da Turanci yake amsawa. Tun yana firamare ya kamu da son besbol, wasan nan da mutum zai tsaya da kulki, wani ya wurgo masa ƙwallo kamar da gayya, in ya buga ya ruga a guje, in ya kuskure sau uku ya koma benci. Mu dai ba mu san shi a Katsina ba. Yaya Ilu har ya koma ga Allah bai gane kansa ba. Ya taɓa tambayata, tsakaninsa da Allah, wai me ya sa ake cewa yaro ya saci wuri kuma iyayensa suna tafi. Amma bai taɓa fashin zuwa ba. Ranar wasa sai ya kashe wayar aiki, ya ajiye mota, ya haye can benci na ƙarshe da hularsa da filas ɗin shayi.

Iyayen sauran yara kuwa, ihu har muryarsu ta dishe. Kowa na kiran sunan ɗansa, wata ma ta miƙe tana bugun ƙirji tana cewa nata ne. Yaya Ilu ina! Ɗan fari ne, akwai kunya. Ban taɓa jin sunan yaron a bakinsa ba, sai dai "yaron nan" ko "wancan". Na sha yi masa tsiya, in ce, "Haba Yaya, nan fa Amurka ce. Babu Inna babu Baffa a filin nan, kunyar wa kake ji?" Sai ya yi murmushi ya ce, "Hadiza, ke dai yi ihunki, ke gwaggo ce." Kalma ɗaya tak ya yarje wa bakinsa. In yaron ya kuskure ya juyo kai a sunkuye, sai ka ji daga sama, "Sannu!" In ya maka ƙwallo ta haye katanga jama'a suna tsalle, nan ma "Sannu!" Shi ke nan, sai ya ɗauki kofin shayinsa.

Bayan rasuwar, Abdulmalik bai bar wasan ba. Ya gama sakandare, ya shiga wata ƙaramar kwaleji, kulkinsa ya yi suna. Masu horar da shi suna yabon abu guda, wai yana da haƙurin jiran ƙwallo, ba ya kai duka sai ta iso. Bara wata babbar jami'a a tsallaken kogi, ta ɓangaren Maryland, ta ɗauke shi tare da wasu yaran da su ma suka sauya sheƙa daga makarantu daban-daban. Aka yi ta zuzuta su, wai su ne za su ɗaga ƙungiyar.

Kakar wasa ta fara, sai kamfa ta sauka. Ba shi kaɗai ba, ƙungiyar gaba ɗaya kulakensu sun mutu, a jefo a kuskure, a jefo a kuskure, mako bayan mako. To amma laifi ai kan baƙo yake sauka. Ni da ban iya wasan ba, na koma mai karanta abin da magoya baya ke rubutawa a intanet lokacin hutun cin abinci, ina karantawa jinina na hawa. Wani ya rubuta wai an yi musu sayen kaya a duhu. Ɗan yayana ne kayan! Na rubuta amsa mai zafi har sau biyu ina gogewa. Daga baya kocin ya tara sababbin ya gaya musu ba ɓoye-ɓoye: wanda bai farfaɗo ba kafin kaka ta ƙare, ba shi cikin 'yan wasan baɗi. Tallafin karatun Abdulmalik kuwa a jikin gurbin nan yake. Ya riga ya gaya wa mahaifiyarsa in aka sallame shi, ya bar karatu ke nan, zai ɗauki motar babansa da ke gareji ya shiga jigilar filin jirgi. Abin da ke hana ni sukuni ke nan, don da kunnena na sha jin Yaya Ilu yana cewa shi ya zauna a bayan sitiyari ne don kada yaron nan ya zauna.

Nakan tambayi kaina da yana raye me zai ce. Yanzu an kafa wa yaran kyamarori ana auna yadda suke juya ƙugu, ana nuna musu kuskurensu a kwamfuta har su rasa yadda za su riƙe kulkin. Yara suna canza makaranta kamar masu gidan haya. Yaya Ilu mutum ne da ya shekara da shekaru yana sayen nama wurin mahauci ɗaya, ko da an buɗe mai araha kusa da gida. Ina jin da zai ce a zauna inda aka san mutuncin mutum. Ko kuma ba zai ce komai ba, ya cika filas ɗinsa kawai, ya tambayi hanyar sabon filin.

Asabar ɗin da ta wuce na nemi wata ta karɓe ni a wurin aiki, na ɗauki filas ɗin nan da matarsa ta ba ni, na sha cunkoson gada na tafi. Na ja gwiwoyina har benci na ƙarshe. Da Abdulmalik ya fito ban gane tsayuwarsa ba. Kafaɗa a ɗage, tun ƙwallo ba ta iso ba ya kai duka ya sari iska. Sau uku, ya fita. Ya juyo kai a ƙasa, tausayinsa ya kama ni, ban san lokacin da na ɗaga murya na ce "Sannu!" ba. Ya tsaya cak. Ya ɗago ya dube ni, fuskarsa ta ɓaci kamar na zage shi.

An cinye su. Na jira shi wurin ajiye motoci, ya zo da jakarsa, ko gaisuwar kirki bai yi ba ya ce da Turanci, "Gwaggo, har da ke? Na san ina gaggawa. Baba ya faɗa mini har ya gaji."

Na ce, "Yaushe babanka ya ce kana gaggawa?"

Ya ce, "Kullum mana. Sannu, sannu. In yi a hankali. Wasa na ƙarshe da ya gani, na buga ta haye katanga, kowa na ihu, na ɗaga kai, sai na ji sannu. Ban taɓa yin wanda ya ishe shi ba. Yanzu duk na tsaya sai in ji muryarsa, in ce yau ma zan ba shi kunya."

Wallahi sai a nan na gane. Yaron ya san sannu da zuwa, amma ya ɗauka gaisuwar baƙo ce kawai, wa zai gai da mutum yana tsakiyar wasa? Sai ya kama ɗaya sannun, wadda uwarsa ke masa in yana saukowa bene a guje. Ashe haƙurin jiran ƙwallon da ake yabo, daga rashin jin Hausa ya samo shi. In na gyara masa, na ƙwace masa horon da ya ɗauka na ubansa ne, ga wasanni kaɗan suka rage. In na ƙyale shi, zai ci gaba da ɗaukar uban da bai taɓa gamsuwa da shi ba, alhali ni na san mutumin da yake ajiye fasinja don ya zo ya zauna cikin sanyi.

Na ce, "Kai Abdulmalik, Hausarka ta cuce ka. Ubanka da bai san inda ake gudu a wasan nan ba, shi zai koya maka duka? Sannun da ake wa wanda ya yi tuntuɓe ce. Ita ake wa wanda ya dawo daga gona, da wanda ya sauke kaya mai nauyi. Kai ɗan fari ne, ba shi da bakin da zai kira sunanka ko ya yabe ka a gaban mutane. Abin da ya rage masa ke nan, shi yake ba ka."

Ya sauke jakarsa ƙasa. Can ya ce, "Duka? Har ta ranar katangar?"

Na ce, "Ita ce ma babba."

Ban san ko na yi daidai ba. Har yau da nake rubutun nan kamfar ba ta yaye ba, kocin bai sauya magana ba, motar tana nan a gareji, ni kuma ina duba waya kamar mai jiran sakamakon asibiti. Yaya Ilu bai bar gida a Katsina ba, bai bar suna a ƙasar nan ba. Abin da na ga ya rage nasa shi ne filas ɗin shayi da kalma ɗaya, ita ma sai da ta shekara shida kafin ta isa inda ya aike ta.

Kafin mu rabu a ranar, Abdulmalik ya riga ya saɓa jakarsa, sai ya juyo ya yi tambaya da Hausarsa mai karyayyen harshe: "Gwaggo, in an ce maka sannu, me kake cewa?"

Na ce, "Yawwa."

Ya juya wajen filin, an watse, ba kowa a kan bencin. Ya cire hularsa, ya ɗaga kai can sama ya ce, "Yawwa, Baba."