Katantanwa a Cikin Dutsen Murhu

Ko yau aka ce in manta da ranar da dutsen maigidana ya tsage, wallahi ba zan iya ba.

A shekarar da aka tare ruwa a Tiga ne aka ce duk ƙauyenmu mu tashi mu koma Kiru. Ni na ce ba inda za ni. Maigidana bai shekara da rasuwa ba, ba ɗa ba jika. In na tafi ruwa ya rufe shi, wa zai san inda yake kwance? Yayansa ya zo da jaki har ƙofar ɗakina.

"Ke dai kin cika taurin kai. Ruwan nan har kukar kasuwa zai shanye."

"Yaya, ruwa ya hau tudu? A gaya wa yara. Ku gaida Kiru."

Suka tafi suka bar ni da kaji biyu. Gari ya yi tsit, ko ƙarar taɓarya babu. A garin kwashe kaya har dutsen murhuna ɗaya aka haɗa.

Sai na tuna da wani baƙin dutse mai falle-falle da marigayi ya zo da shi daga ƙasar Gombe, inda ya yi haƙar rijiya. Yakan ce a can ƙasan rijiya ya samo shi, wai da teku ce a wurin. Ni kuwa in ce, "Teku a Gombe? Malam, rana ce ta buge ka." Na ɗauko shi na cike murhu, na hura wuta.

Tukunya ba ta tafasa ba na ji ƙas! Dutsen ya rabe biyu, miyata ta kife. Na buɗe baki zan yi masifa, sai na ga abin da ke ciki: 'yan katantanwa birjik, kowace da zanenta, duk sun zama dutse. Da ya huce na zauna a ƙasa ina shafa su, ba wanda zan ce wa zo ka gani. A nan na yi kukan da ban yi ba ranar jana'iza. In teku ta taɓa zama tudu, ashe tudu ma zai zama teku. Ƙasar da ta riƙe 'yan halittun nan ba ta ɓatar da su ba, ba mijina za ta ɓatar ba.

Washegari na tsaya daga bakin maƙabarta na yi masa addu'a, na ƙulle dutsen a zani, na rataya kajina, na kama hanyar Kiru a ƙasa.

Sai da na fara furfura na shiga ajin yaƙi da jahilci. Malamarmu ta duba dutsen ta ce lakar ƙasan teku ce ta daskare. Na ce mata wanda ya haƙo shi ya riga ta faɗa. Abin da ranar tsagewar dutsen ta koya mini shi ne, wanda aka ba ƙasa ajiya ba ya bukatar mai gadi, Allah na tsaron abinsa. Mai rai ne ke bukatar mutane.