Fiƙar Mai Keke

Bayan rasuwar maigidana, Allah ya jiƙansa, na rame har rigunana suka koma kamar na aro. Duk wanda ya shigo gaisuwa sai ya ce, "Kai, kin rame," kamar ban sani ba. Maƙwabciyata ce kaɗai ba ta ce komai ba. Wata rana na yi shanya, sai ta kwashe rigunan daga kan igiya, ta ce hadari ne ya haɗo. Ko ɗigon girgije babu a sama. Washegari ta dawo min da su a ninke. Na saka ɗaya, na ji ta zauna min daidai. Ashe duka ta rage su, kuma ba ta yanke rarar ba, ta naɗe ta a ciki.

Da na yi mata magana sai ta ce, "Wuri na bar miki, Yaya. In jiki ya dawo sai mu kwance."

Mai Keke ake ce mata, saboda keken ɗinkinta. Bango ɗaya ne tsakanin ɗakina da nata. Mijinta ya daɗe a zaune, ɓarin jikinsa ya shanye, don haka keken nan ne yake riƙe da gidan. Ta girke shi a bakin taga inda haske ya fi, ga buhun ƙyallaye a gefe, ga kujerar mijin a kusa da ƙofa. In na idar da sallar asuba ina zaune da carbi, da gari ya yi haske zan ji ta fara takawa. Har na saba, ƙarar ta zame min kamar gaisuwa.

Tana da wata ɗabi'a. Almakashi na rataye a wuyanta da igiya, amma ba ta yanka zare da shi. Sai ta kai ɗinkin baki, ta datse zaren da fiƙarta ta sama, ta hannun dama. Shekara da shekaru haka, har zare ya yi wa haƙorin 'yar hanya. In na ce, "Ke, almakashin nan ado ne?" sai ta ce, "Wanda Allah ya ba ni ba ya ɓata, ba ya neman washi."

Ranar da na ji ƙyas ɗin almakashi a ɗakinta, na san akwai magana. Na zuba ido. Shayin da take kurɓa yana tiriri, sai na ga tana barin sa ya huce. Tauna ta koma hagu. In ta matso kusa, ƙamshin kanumfari ne yake fara isowa.

Na ce, "Haƙori ne?"

"Wane haƙori? Yaya, ke dai idonki ba ya hutawa."

"To, ciji zaren nan in gani."

Ta dubi zaren, ta dube ni. Sai ta sauke ƙafa daga kan keke, ta leƙa ta ga mijin yana gyangyaɗi, ta yi ƙasa da murya.

"Na sama ne. Da na ƙasa ne, wallahi da tuni na je. Na sama jijiyarsa ɗaya da ido. In aka cire, ido ya tafi."

"Wa ya gaya miki?"

"Gani na yi. Goggona an cire mata na sama, ba a rufa shekara ba muka fara yi mata jagora." Ta nuna mijin da haɓa. "In na makance, wa zai taka wannan? Wa zai ɗaga shi?"

Ban iya ce mata ƙarya ne ba, don ni ma tun ina yarinya nake jin ana faɗa. Karatuna bai yi nisan da zan musa ba. Na ce mu je a tambaya kawai, ai tambaya ba cirewa ba ce. Ta ce su likitocin nan in ka buɗe musu baki, ba ka rufe shi yadda ka kawo.

Haka muka yi ta ja. Ta yi ruwan gishiri, ta yi kanumfari, ta haɗiyi ƙwayoyin kashe zafi har cikinta ya fara ƙuna. Ɗinkinta ya soma karkata, ita da ba a taɓa dawo mata da kaya ba. Ni kuwa a kowace sujada sai na sa ta, amma ban san abin da zan roƙa ba, a cire ko a bari. Sai in ce, Allah ka zaɓa mata.

Wata safiya gari ya yi haske, ban ji keke ba. Na jira, shiru. Na shiga ko takalmi ban tsaya nema ba. Tana zaune a bakin gado, jikinta zafi rau. Kuncinta na dama ya haye, kumburin ya hau gefen hanci, ya tura fatar ido har idon ya koma kamar an tsaga da reza. Mijin yana ta son magana, bakinsa ya ƙi, sai ƙofa yake nunawa da hannunsa mai lafiya.

Na ce, "Ƙanwata, idon da kike tsare wa, ga ciwon ya iso masa tun ba a cire komai ba. Tashi."

Ba ta yi gardama ba. Abin da ya fi tsorata ni ke nan.

A asibitin haƙori muka zauna a dogon benci, wurin sai warin magani, daga ciki ana jin wani inji yana kuka kamar sauro a kunne. Wani dattijo da ya naɗe muƙamuƙi da mayafi ya dube ta ya ce, "Hajiya, naki ya fi nawa. Shiga gabana, ni dama ba sauri nake ba."

Wata mata ta ce, "Baba, tun ɗazu kake ba mutane layi. Tsoro dai kake ji."

"Tsoro? Ni? Ladabi ne."

Kowa ya yi dariya, ban da ita. Hannunta yana cikin nawa, sanyi ƙalau, ga jiki kuma da zazzaɓi.

Likitar mace ce, mai sanyin magana. Aka ɗauki hoton haƙorin, ta ɗaga mana shi a haske. Ta ce ya tsage har saiwa, mugunya ta taru a sama, ciko ba zai yi ba, sai cirewa. Ta ce, "Mama, da me kike amfani da haƙorin nan?"

Na ce, "Almakashinta ne."

Mai Keke ta harare ni da ido mai lafiya. Sannan ta ce, "Likita, tsakaninki da Allah, in kin cire zan makance?"

Likitar ba ta yi dariya ba. Ta ce ta sha jin wannan tambaya. Ta ce jijiyar gani daban take, cire haƙori ba ya taɓa ta. Abin da take tsoro shi ne mugunyar nan, in aka bar ta za ta iya ci gaba da hawa.

"To, goggona fa?"

"Shekarunta nawa a lokacin? Idon ya yi fari?"

Mai Keke ta ce, "Ya yi fari. Ta tsufa."

"Ban gan ta ba, ba zan yanke ba. Amma ya fi kama da yanar ido. Ko ba a taɓa haƙorin ba, tana iya zuwa."

Mai Keke ta yarda da baki, amma na ga zuciyar ba ta bi ba. Ta ce sai dai in tsaya a gabanta inda za ta riƙa ganina. Aka bar ni a ƙarshen kujerar, wajen ƙafafunta. Aka kunna fitila a kanta, aka ce ta rufe ido in hasken ya dame ta. Ta ƙi.

Da aka yi mata allurar kashe zafi, ba a jima ba ta damƙi hannun kujera. "Yaya! Ya fara! Ƙasan idona ya mutu, ba na jin sa!"

Likitar ta ce allurar ce, haka take yi, zai sake. Ni dai bakina salati yake, ban san sanda na fara ba. Na ce, "Kina ganina?" Ta ce tana gani. Na ce, "To, kar ki daina."

Na ji ƙarar ƙarfe, na ga kafaɗar likita tana motsi, na ga hawaye yana gangara wa Mai Keke cikin kunne. Idon nan ɗaya bai bar kaina ba. Can sai na ji abu ya faɗa faranti, ƙwal.

Aka cusa mata auduga aka ce ta cije. Ta ɗaga hannu tana nuna ni, tana gurnani. Na matsa na ce, "Duhu ne? Duhu kike gani?" Ta girgiza kai, ta kamo bakin hijabina ta kai min fuska. Ɗinkin ne ya kwance, ɗan wuri da bai kai gaɓar yatsa ba. Ni da nake saka shi kullum ban gani ba.

Kumburin bai sauka nan take ba. Ta sha magungunan da aka ba ta, kowace safiya kafin mu gaisa sai ta rufe idon hagu da tafin hannu ta zura zare a kafar allura, sannan ta amsa sallamata. Har yau ba ta bari ba. Keke ya dawo. Giɓin yana nan, in za ta yi dariya sai ta kare da gefen mayafi, mijin kuwa in ya gani sai ya yi ta dariyarsa ta rabin baki. Likita ta hana ta cizon zare, ta kuma ce akwai wani haƙorin tauna a sama ta hagu da ya fara kogo, ta dawo a cike shi tun da wuri. Mai Keke ta ce to. Ba ta koma ba tukuna.

Ranar da ta gyara min bakin hijabin, ta yanke zaren da almakashi, ta riƙe hijabin a cinya ba ta miƙo ba.

Ta ce, "Yaya, yanzu kullum almakashi ne, ba za ki ƙara gane ni ta nan ba. Don Allah ki riƙa duba min shayina. Ranar da kika ga na bar shi ya huce, kar ki tambaye ni, ƙarya zan yi miki. Ki sako hijabin nan kawai, ki zo ki tsaya min a ƙofa."