Rumfar da Na Kama a Gaban Gidan Mai

A shekarun da gwamnati ke rage ma'aikata, ina cikin waɗanda aka yi wa wannan karamcin. Na shekara goma sha ɗaya ina buga tafireta a wata ma'aikata a Kaduna, sai wata safiya aka miƙo mini takardar sallama. Na koma gida Unguwar Shanu na zauna. Maigidana malamin firamare ne, gwani wajen ba da shawara a kan duk sana'ar da bai taɓa yi ba. Ya ce, "Ke da kika iya girki? Ki kama rumfa ki sayar da abinci. Ai babu abin da ya fi shi sauƙi."

Aka haɗa ni da wani dillali mai babbar riga da tsohon keke. Tun daga gaisuwa ya naɗa ni Hajiya, alhali ko filin jirgi ban taɓa takawa ba. Ya kai ni Abakpa, ya nuna mini wata rumfar langa-langa mai benci biyu, tana kallon wani gidan mai. Motoci sun yi layi iya ganin ido, direbobi na zaune a kan motocinsu suna hamma.

"Hajiya, dubi bayin Allah," in ji shi. "Duk yunwa suke ji. Ke kaɗai suke jira."

Na tambaye shi dalilin tashin wadda ke wurin kafin ni.

"Arziki ne ya yi mata yawa, wurin ya yi mata kaɗan."

Ya ƙara da cewa akwai mata uku da ke neman rumfar, amma da ya ga fuskata sai ya ji hankalinsa ya kwanta da ni. Ni kuwa, da ilimina na boko, na biya haya a ranar, har ina yi masa godiya.

Mako guda na yi ina shiri. Na sayi tukwane da kwanuka, aka kawo mini itace daga Rigachikun. Ranar Litinin na ɗora shinkafa da wake, na tuƙa tuwo, na yi miyar taushe da ƙamshinta ya cika titi. Sai dai titin babu kowa. Ashe tankokin mai sun iso gari, layi ya watse. Mota ta zo, ta sha mai, ta wuce. Tun safe har la'asar, wadda ta nuna sha'awar abincina da gaske wata akuya ce. A watan nan maƙwabtanmu sun ci sadakar da ba su taɓa gani ba, har aka fara cewa zaman gida ya ƙara mini tsoron Allah.

Akwai wata tsohuwa mai ƙosai a bakin lungu. Wata rana ta zo ta zauna a bencina, tunda dai ba a rasa wurin zama ba.

"'Yar nan, ke ce ta huɗu a rumfar nan," in ji ta. "Wadda kika gada, tukwanenta ta sayar ta koma ƙauye."

"Haba Inna! Me ya sa ba ki gaya mini ba?"

"Kin tambaye ni? Ina kallonki kika wuce ni da jaka da takalmi mai tsini, ko sannu babu."

Sai na zuba mata tuwo.

Daga nan na zama mai bin labaran rediyo. Duk ƙasa na addu'ar mai ya wadata, ni ina cewa amin a ciki-ciki. Bayan wata biyu kuwa wahalar mai ta dawo, layi ya miƙe har ƙofar rumfata. Na hura murhu uku ina murna. Ruwa bai tafasa ba sai ga jami'ai sun tsaya a kaina.

"Madam, wuta a nan? Ga jarkoki, ga motoci? So kike ki toya unguwar?"

Suka sa na kashe da hannuna. Gaskiyarsu ce, shi ya sa ma abin ya fi ciwo. In babu layi babu mai ci, in da layi babu girki.

Don haka, ku masu shirin fara sana'ar nan, in kuna son ku bi sahuna abin ba wuya. Ku je ganin rumfa sau ɗaya tak, a ranar da dillali ya zaɓa, kuma kada ku kuskura ku gaida masu sana'ar da ke gefe.

Innar ce dai ta fitar da ni. Ta kai ni bayan wani garejin makanikai, wuri mai warin baƙin mai, wanda ko dillali zai ji kunyar yabonsa. Ta hana ni yin magana da mai wurin sai da na yi kwana uku ina zuwa ina zama, ina ganin masu wucewa da lokacin da yunwa ke taso su, har da inda ruwa ke bi in an yi ruwan sama.

Ranar da na buɗe, shugaban makanikan ya zo da hannunsa baƙi ƙirin. Ya ɗanɗana miyar, ya yamutsa fuska.

"Madam, yajin nan na ofis ne. Mu nan aiki muke yi."

Ya cinye tas, ya nemi ƙari. Washegari na ninka barkonon. Shekara tara na yi a wurin.