Bulala Biyu Saboda Rabin Galan

Wata ranar Litinin a bazarar shekarar 1992, na raɓe a bayan bishiyar mangwaron da ke kusa da ƙofar makarantarmu ta firamare a Jalingo, rungume da galan da babu ko ɗigon ruwa a ciki. Tun daga gida nake karkace kafaɗa ina nishi, wai don masu wucewa su zaci nauyi ya yi mini. A bakin ƙofa kuwa Malam Bitrus ne tsaye da tsumagiya, yana ɗaga galan ɗin kowane yaro yana jijjigawa. Dokarsa ba ta da wuyar haddacewa: mai cikakke ya wuce, mai rabi ya sha bulala biyu sannan ya wuce, wanda ya zo da wofi ya koma gida. Makarantar ba famfo ba rijiya, don haka mu ne famfon. Da ruwanmu ake cika randar aji, a yayyafa wa ƙasa kafin shara, a shayar da dashen hedimasta, ragowar kuma mu ga ta nufi gidajen malamai, mu yi kamar ba mu gani ba.

Shekarata tara a lokacin, kuma baƙo nake a garin. Da aka ƙirƙiro jihar Taraba an kwaso ma'aikata daga Yola, har da Babana. Gidan haya ya yi wuya, sai ya bar Inna da ƙannena a can, ya taho da ni in riƙa ɗebe masa kewa. Ɗaki ɗaya muka samu a unguwar Sarkin Dawaki. Rijiyar gidan ta ja baya, uwar gidan ta garƙama mata kwaɗo. Jarka guda ta mai ruwa ita ce ta alwala, ita ce ta wanka da girki, kuma ganin yadda Baba ke tsiyayarta da kaffa-kaffa ya sa na kasa buɗe baki in roƙi na makaranta. Sau uku ana koro ni, in je in zauna ni kaɗai a gefen kasuwa har a tashi, in dawo gida ina kaɗa jaka kamar wanda ya sha karatu. An riga an faɗa mini cewa kora ta huɗu sai a soke sunana daga rajista.

Ina nan a raɓe sai ga Rifkatu, doguwar yarinyar da ke zama a bencin ƙarshe na ajinmu. Da sassafe take zuwa rafin Mayo Gwoi ta tona yashi ta jira ruwa ya tsatso, shi ya sa kullum ƙafafunta buɗu-buɗu. Ta ɗaga galan ɗina, ta ji fayau. Ba ta yi dariya ba. Cikin Hausarta ta 'yan Mumuye ta ce, “Buɗe bakinshi, sauri. Malam zai buga mu, amma ba ta kore ka.” Ta tsiyaye mini rabin nata, muka je kowa ya miƙa hannu ya karɓi biyunsa.

Haka muka yi har zangon ya ƙare. Kullum tana jira na a gindin mangwaron, kullum tana shan bulalar da ba ta kamace ta ba. Ni kuwa gogan naku, da mun shiga aji sai in ɗauke kai, don yara sun fara kira na mijin Rifkatu. Lokacin tara in koma jikin bango ina kallon masu langa da ƙwallon tsumma, ita ma tana can gefe tana gugar tafin hannunta a siket, amma kunya ta hana ni ƙarasawa. Har yau idan na tuna sai in ji haushin kaina.

Daga nan malamai suka shiga yajin aiki, aka rufe makarantu wata da watanni. Kafin a buɗe damina ta sauka, Inna ta iso, muka kafa duro a ƙarƙashin indararo. Ranar komawa na tsaya a gindin mangwaron har aka kaɗa ƙararrawa, ba ta zo ba. Washegari ma haka. Da na daure na tambaya, wata yarinya ta ce, “Ai an kai ta Iware noman doya, ta bar makaranta.” Ban san gidansu ba, ban san ko sunan babanta ba.

Yanzu Jalingo ta cika ta batse, ga burtsatse a gidajen masu hali, 'ya'yana kuma da gorar ruwa mai sanyi suke tafiya makaranta. Amma duk bazara, idan na hau gadar Mayo Gwoi da safe, ina hango 'yan mata durƙushe a kan yashi cikin kayan makaranta suna jiran ruwa ya tsatso, sai in rage gudun mota ina duba fuskokinsu. Ni na gama karatu har na zama ma'aikaci. Ita kuwa ko na gode ban taɓa ce mata ba.