Abin da Batula Ta Gani a Idon Ɗanta

A Kademi aka haifi Batula, a gidan Malam Kolo, wanda kakanninsa suka taso daga Barno suka kafa rumbu a ƙasar Gaya. Mahaifiyarta ba ta yi tsawon rai ba, sai riƙo ya koma hannun Goggo Amarya, ƙanwar babanta. Abu biyu Goggo ta damƙa mata: allurar ɗinkin hula da kunya. Allurar ta wasa mata ido, har takan ɗaga hula ta hango zare ɗaya da ya kauce daga layi, ko da mai ɗinkin ta rantse babu. Kunyar kuwa ta koya mata sunkuyar da idon nan ƙasa.

Da aka kai ta Gafasa, ɗakin Mudassir manomin gyaɗa, surukarta Iya Fanta ba ta da zance a gidan biki sai nata. "Yarinyar nan ko tafiyarta ba a ji," in ji ta. Batula kan ji yabon daga bayan labule, daɗi ya kama ta, ta ƙara jan mayafi.

Ba a jima ba ta samu juna biyu. Cikin fari kuwa ba a yi masa baki. A watanninsa na farko ta yi wani ɗan zazzaɓi, ƙananan ƙuraje suka feso mata a wuya da ƙirji, kafin ta gama hular da ke hannunta sun baje. Ta ce zafi ne. Ba ta je awo ba sai da ciki ya tona kansa.

Ta haihu da kaka, ana tsakiyar cirar gyaɗa, yaro ɗan ƙarami kamar a rufe shi da tafin hannu biyu. Aka raɗa masa Sharfaddeen, sunan marigayi mahaifin Mudassir. Sunan sai ya zame mata a kulle sau biyu: ga ɗan fari, ga sunan suruki. Mutanen gida suna ce masa Baffa, ita kuwa "yaron nan" take cewa, shi ma in ya zama dole. A gidajensu uwa ba ta yi wa ɗan fari wasa a gaban mutane, ba ta tanka zancensa. In ya yi kuka sai ta ci gaba da abin da take yi, har wata babba ta ce, "Ke, tashi ki ba shi."

Amma ɗaki yana da labule. Da hantsi, in rana ta shigo ta taga tana ba shi nono, Batula kan ƙura masa ido kamar mai jin ƙishirwa a bakin rijiya. A nan, ba a daɗe da suna ba, ta ga abin. A tsakiyar baƙin idonsa na hagu akwai wani farin ɗigo, kamar ƙwayar gero a ƙasan ruwa. A na dama ma akwai, sai dai dishi-dishi.

Ta shirya maganar a ranta ya fi a ƙirga. Kullum a wuri ɗaya take tsayawa: za a ce, "Yaya aka yi kika gani?" Amsar kuwa ita ce ta zauna tana kallon idon ɗanta na fari. Sai ta koma dabara. In za ta miƙa shi ga Goggo, lokacin wankan jego a Kademi, sai ta juya fuskarsa wajen haske. Da ta koma Gafasa haka ta riƙa yi wa Iya Fanta. Idanun tsofaffin sun gaji, ba su ga komai ba. Mudassir ya tafi ci-rani, in ya bugo waya ya tambayi mutanen gida, sai ta ce, "Lafiya lau."

Sanyi ya zo ya wuce. Ranar wata allurar riga-kafi suka je ƙaramin asibitin garin, Iya Fanta da goyo, Batula a baya da jaka. Alluran baya duk ido a runtse ya sha su, yana tsala kuka. Ran nan ya tashi da daɗin rai, ido tar. Ma'aikaciyar da ke kan aiki, Malama Khaula, ta karɓe shi tana tsokanar tsohuwa.

"Iya, wannan mijin naki ba ya cin tuwo ne? Ko rowa kike yi masa?"

"Shi ke yi mini rowa, 'yar nan. Ko kallona ba ya yi."

Khaula ta yi dariya, sai kuma dariyar ta tsaya. Idanun yaron rawa suke yi, ba sa sauka a kan komai. Ta kunna fitilar wayarta ta haska, ta daɗe tana dubawa.

"Ina maman Baffa?"

Batula ta juya fuska wajen bango.

"Ki tambaye ni," in ji Iya Fanta. "Ɗan fari ne."

"To Iya, yanar ido ce gare shi, irin wadda ke kama tsofaffi. Ta jarirai ba ta jira. Kano za ku je, babban asibiti, kuma ba sai an gama shawara da dangi ba."

A Kano likitan ido suka fara gani, wani dattijo mai furfura a gemu. Ya ɗiga wa yaron magani, ya leƙa da madubinsa, sannan ya jingina da kujera.

"Yaushe aka fara ganin farin nan?"

"Shekaranjiya, likita," in ji Iya Fanta. "Da lafiyarsa aka haife shi."

"Ina tambaya ne don dalili, Hajiya. Idon jariri koyon gani yake yi, kamar yadda ƙafa ke koyon tafiya. In ya fara gani sannan yanar ta zo, muna da ɗan sarari, sai in sa ku a layin wata mai zuwa, don masu jiran aiki suna da yawa. In kuwa da ita ya zo duniya, to mun riga mun makara."

"Wata mai zuwan ya yi, Allah ya kai mu," in ji Iya Fanta.

Batula tana tsaye a bakin ƙofa, jakar a ƙirji.  Ga surukarta, ga namiji baƙo, ga wata nas tana jiran a kira na gaba. Likita ya ɗauki biro.

"Da shi aka haife shi."

Muryar Batula ta fito siririya, har likita ya ce, "Na'am?"

"Tun satin suna na gani. Na hagun ya fi. Kuma da cikinsa na yi zazzaɓi da ƙuraje."

Ba wanda ya yi mata faɗa, kuma da an yi da ya fi mata sauƙi. Likita ya ajiye biron ya ce wa nas ta kira likitar yara. Iya Fanta ta juyo ta dube ta, kallon da Batula ta kasa gane ko na mamaki ne ko na tuhuma.

Daga nan yaron ya shiga hannun mutanen da Batula ba ta taɓa sanin akwai irin aikinsu ba. Mai ɗibar jini ta nemo jijiya a ƙafar da ba ta fi yatsu biyu kauri ba. Wani saurayi ya shafa masa mai a ƙirji ya nuna zuciyarsa a allo tana motsi kamar ɗan tsako, ya ce akwai 'yar kafa a zuciyar da za a riƙa lura da ita. Wata mata ta manna masa wayoyi a kai yana barci, ta ce kunnen dama na ji, na hagu ya yi nauyi. Da sakamako ya fito, likitar yara ta zaunar da su ta yi bayani: ƙwayar cuta ce mai kama da ƙyanda, ana ce mata rubela, ga babba ba komai ba ce, amma takan ratsa ta taɓa ɗan da ke ciki. Ta ce har yanzu yana iya shafa wa wani, don haka a nisanta shi da masu juna biyu.

"Kamuwar ba laifinki ba ne," in ji ta.

Batula ta lura kamuwar kawai ta ambata.

Aka yi masa aiki cikin satin. Idon dama ya karɓi haske. Na hagu an cire yanar, amma likita ya ce ya daɗe a duhu, sai abin da Allah ya yi. Aka sallame su da maganin ɗigawa, da wani ɗan tabarau mai kauri da ake ɗaurawa da roba ta ƙeya, da umarni guda da Khaula ta zo har gida ta maimaita a tsakar gida, gaban kowa.

"Fuskar mutum zai fara koya. A matso da ita kusa, a yi ta yi masa magana ta kunnen dama. Kuma wadda ke ba shi nono ya fi nema, Iya, ba ke ba, duk da auren da ke tsakaninku."

Iya Fanta ba ta yi dariya ba. Tun dawowarsu ba ta ɗaga zancen asibiti ba. Ta kwance goyon, ta miƙa wa Batula.

"Karɓi. A nan waje, haske ya fi."

Matan maƙwabta biyu suna zaune suna ɓarar gyaɗa, suka tsaya. Batula ta zauna a bakin tabarma, ta ɗaga shi har numfashinsa yana taɓa hancinta.  Ɗaya daga cikin matan ta ƙyalƙyale ta ce lallai zamani ya zo.

"Ɓari gyaɗarki," in ji Iya Fanta.

Batula ba ta san me ake ce wa ɗan fari ba, ba wanda ya taɓa koya mata. Sai ta shiga faɗa masa launin zaren da ke cikin kwandonta, ja da kore da ruwan ƙwai, a hankali, a kunnen dama. Idon dama ya yi yawo a bayan gilashi, ya dawo, ya tsaya a kan bakinta.

Har yau tana ɗinkin hula a Gafasa, har yau ba ta kama sunansa. Yana rarrafe, yana tsintar zarenta a tabarma da kai a karkace. In ta cire masa tabarau da safe za ta wanke masa fuska, na hagun take fara dubawa, yana kallon gefe, inda babu kowa.